Rumbun da Ya Yi wa Gidan Yaya Girma

Ranar da Yaya ya cika, mu da muke wurin ba mu da yawa. Akwai matarsa, wadda duk gidan suke ce wa Inna, tana zaune bakin ƙofa riƙe da kofin ruwan da bai sha ba. Akwai ɗansa na fari, wanda noman gidan yake hannunsa. Akwai 'yarsa da ke aure wajen Bici, ta zo jinya ta tarar da ƙarshe. Akwai matar ɗansa na tsakiya, shi da ya riga ubansa rasuwa, da 'ya'yanta uku manne da zaninta. Akwai liman, da maƙwabcinsa mai jakuna wanda suka taso tare. Sai ni, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, wadda 'ya'yansa suke ce wa Gwaggo. Autansa, mai tuƙa adaidaita a Bacirawa, bai iso ba sai da aka gama wanka. Daga Allah muka zo, can kuma za mu koma. Yaya gaba kawai ya yi.

Bazara ce, zafi ya kai inda ya kai. Mata suna shigowa, su zube takalma, su durƙusa.

“Ya muka ji da haƙuri?”

“Da godiya.”

“An yi babban rashi. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.”

Na amsa har muƙamuƙina ya gaji. Ni kuwa ba na zama ido a rufe. Na ga wadda ta shigo da ihu tun daga zaure, ana miƙa mata gumba ta share hawaye ta tambayi ko akwai leda. Na ga wadda ta zo don Allah, ta zauna shiru ta tafi. Na ga wadda rabonta da gidan tun yana da ƙafar zuwa kasuwa, ita ce kuma mai ba da labarin kirkinsa. Wadda ban ga ta yi kuka ba ita ce matar ɗansa na tsakiya. Tana gindin rijiya tana wanke-wanke tun safe, kwanon da ta wanke ma ta sake wanke shi. Na san dalili. Ba ta da ɗakin da za ta shiga ta yi kukan.

Duk wadda ta ce mini babban rashi, sai in ji muryar Yaya a kunnena: babba ga wa?

Tambayarsa ke nan, tun muna yara har ya koma ga Allah. Shi ya sa na ce a sa mini wannan a takarda, kada jikokinsa su tashi abin da suka sani game da shi kawai an ce babban mutum ne. Da ya ji haka da ya tsare mai faɗa da ido.

Yaya manomi ne kamar kowa, amma da rani maginin rumbun ƙasa ne. Daga nan har ƙauyukan da suke yamma da titin Ɗambatta, in ka ga tsohon rumbu mai siririn wuya zaune bisa duwatsu, da wuya in ba hannunsa ba ne. Bahago ne, kuma ba ya sauri. Ya kwaɓa ƙasa da busasshiyar ciyawa, ya bar ta ta kwana ta ruɓa, ya ɗora zagaye ɗaya, ya tafi gida sai ta sha iska. In mutum ya zo ya ce, “Malam, rumbu nake so, babba,” ba ya ce masa to, ba ya ce masa a'a. Sai ya saɓa gatarinsa ya ce, “Mu je in ga gonar.” Ya zaga ta, ya duba kututturen karan bara, ya damƙi ƙasa ya murje. Ya tambaya baki nawa ne a gidan. Daga nan ya dawo ya zana da'ira a ƙasa da ɗan yatsan ƙafa. Abin da ya zana shi zai gina. In ba ka so, ga hanya nan, akwai wasu magina.

Ba ya son kalmomin nan da suke cika baki: ƙato, makeke, narkeke, tafkeke, shirgege. Ya ce na dillalai ne da maroƙa. Shi uku gare shi: ya yi kaɗan, ya yi girma, ya yi daidai. Daidai kuwa ita ce ƙarshen yabonsa. In aka kai masa jariri ya duba, sai ya ce, “Daidai.” In aka kai masa tuwo malmalar ta wuce cikinsa, ya yanke rabi ya mayar tun kafin ya sa miya.

Maƙwabcinsa mai jakuna ya shigo gaishe mu ran sadakar uku, ya ba mu labarin da ya sa har Inna ta yi murmushi cikin takaba. Wai sun je kasuwar dabbobi ana gab da layya, wani dillali ya riƙo rago yana dukan bayansa.

“Malam, dubi nan! Ƙato ne, narkeke, babu babba kamarsa yau a kasuwar nan!”

Yaya ya ce, “Babba ga wa?”

“Ga kowa mana!”

“Ga tukunyata ya yi girma. Ga bakinka ya yi kaɗan.”

Haka ya yi wa autansa ma, farkon zuwansa birni. Ya dawo yana ba da labarin wani tanƙamemen bene, wai sai ka riƙe hula kafin ka ga ƙarshensa. Yaya ya tambaye shi mutum nawa suke kwana ciki. Ya ce mai gidan ne da matarsa, sai mai gadi. Yaya ya ce, “To ba gidan ne babba ba, mutanen ne suka yi kaɗan. Je ka ba akuya ruwa.”

Kada a ɗauka mutum ne mai daɗin zama. Ba na yabon mamaci da abin da ba shi da shi. Yana da taurin kai, yana da rowar magana mai laushi, kuma ni na fi kowa sani, domin a kaina ta faɗa.

Da mijina ya rasu aka raba gona, abin da ya zo hannuna da marayuna ɗan yanki ne. Rumbun mijina ya faɗa rabon ƙanensa. Kullum in fito in gan shi tsaye, ba nawa ba. Na aika wa Yaya ya zo. Na ce ya gina mini irinsa, ko wanda ya fi shi. So nake dangin mijina su buɗe ido su ga 'ya'yana ba su koma abin tausayi ba. Ya je ya zaga gonar, ya dawo ya zana da'irarsa. Na duba na ce, “Yaya, wannan rumbu ne ko akurki?”

A gaban ƙannen mijina ya ba ni amsa, suna zaune suna ji.

“Gonarki ke nan. Ni ban iya gina wa ido ba, hatsi nake gina wa.”

“Babba na ce maka.”

“Babba ga wa? Su da kike so su gani, wucewa za su yi. 'Ya'yanki ne za su riƙa leƙawa kullum.”

Ya gina abinsa. Matan gidan suka yi ta dariya, wata ta tambaye ni ko in ba ta aron kaza in sa a ciki. Na ɗauke ƙafa daga gidan Yaya, har sunan autansa ban je ba. Har yau kuma ina nan kan bakana: maganar gaskiya ce, amma ba a gaban surukai ake faɗa wa mace mai sabon takaba ita ba. Na gaya masa haka yana kwance, lokacin da muke neman gafarar juna. Ya ce, “Kin daɗe da riƙe ta.” Na ce, “Ta yi daidai da abin da ka yi.” Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Rumbun nan kuwa ina hawa turmi in miƙa hannu in ɗebi abin da nake so, ba sai na roƙi namiji ya hau mini tsani ba. Kaka ta yi, ya cika har wuya, yara suka leƙa suka ga hatsi ya tokare jinka, suka kwanta da daɗin rai. Sai wata shekara ruwa ya ɗauke dawa tana fitar da kai. Abin da na samu bai kai rabi ba. Ranar kasuwa na tafi sayar da daddawa, na dawo, na hau turmi na sa hannu, sai na ji dami kusa, inda bai kamata in ji shi ba. Na jawo ɗaya na duba ɗaurin. An murɗa shi ta hagu. Duk yankin nan mutum ɗaya ne yake ɗaure dami haka.

Ban ce masa komai ba, bai ce mini ba. Amma na zauna na yi tunani: da ya gina mini wanda na nema, ko jakunan maƙwabcinsa duka ya loda ba zai rufe gindinsa ba. Ya gina daidai gonata, ya kuma gina daidai abin da shi zai iya cikawa ranar da gonata ta gaza. Da Juma'a ta zagayo na ɗauki mayafi na je na gaishe da Inna, na ɗauki autan da ban je sunansa ba, yana ta rarrafe.

Rumbu ɗaya ne Yaya ya taɓa kira babba da bakinsa, shi ne na tsakar gidansa. Ya gina shi zamanin da gidan yake gandu, babanmu yana raye, maza suna fita gona ɗaya suna ci daga tukunya ɗaya. Sai an haɗa tsani da tsani ake kai wuyansa. A lokacin cika yake yi, har a jingina ragowar dammuna a jikinsa. Babanmu ya rasu aka raba. Ƙannenmu suka rasu aka sake rabawa. Yanzu in ka tsaya a gonar gidan ka yi tari, mai gonar gaba zai ce maka sannu. Gidan ma haka: an yanka, an ja katanga, an ƙara ɗaki, har ba wurin shanya. Gabas gidan mutane, yamma gidan mutane, arewa hanyar shanu. Rumbun kaɗai ya rage da faɗinsa na da.

Matar ɗansa na tsakiya kuwa, ɗakin mijinta ya zube a daminar bara, ginin ya ci har katangar maƙwabta, da aka tashi gyara sai iyaka ta matso, wurin bai isa ɗaki ba. Tun daga nan ita da yara uku suke kwana ɗakin Inna, in zafi ya yi su fito rumfa. Malamai sun ce jikan da ubansa ya riga kakansa rasuwa ba shi da gado. Ban ja da malamai ba. Amma ma'anarsa ita ce, inuwar da yaran nan suke zaune a ciki Yaya ne, ga shi an kai shi.

Ran sadakar uku ƙanen babanta ya zo daga wajen Ɗambatta. Dattijo ne mai hankali, bai zo da faɗa ba. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya rage murya.

“Gwaggo, ku yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ruwa ya kusa sauka, yarinyar nan ba ta da ɗaki. Mun yi kawaici saboda marigayi. Ran bakwai zan dawo in tafi da ita. Ƙaramin ta tafi da shi, manyan biyu naku ne.”

Ban ga laifinsa ba. Da 'yata ce ni ma haka zan yi. Bayan ya fita na same ta gindin rijiya, na ce, “Ke, kin ji?” Ta ce ta ji. Na ce, “Kina son tafiya?” Ta ɗago ta dube ni, ta dubi yaran suna wasa da murfin kwano. “Gwaggo, in raba su in ce wa wanne ya zauna?” Ta koma kan wanke-wankenta.

Ni kuwa akwai abin da na sani. Kakar da ta wuce na zo gidan na tarar da Yaya a kan tsani, da tsufansa, ya cusa kai cikin rumbun. Na ce ya sauko kafin ya karye ya bar mu da jinya. Ya sauko a hankali, ya zauna kan dutse yana haki.

“Na yi magana a ciki, muryata ta dawo mini,” in ji shi. “Noman bana duka ko gwiwa bai kai ba.”

“To ai kai ka gina abinka.”

“Na gina wa gidan da babu shi yanzu. Ya yi mana girma. Ƙasar jikinsa kuwa ta isa gina ɗaki har da saura, ga wurin, ga duwatsu. Bari in ji ƙarfin jikina.”

Bai sake jin ƙarfin ba.

Ana gobe bakwai, bayan la'asar, na tarar da ɗansa na fari zaune a inuwar rumbun, ya jingina bayansa da shi. Ya rame. Shi ne mai karɓar gaisuwa a waje, shi ne mai neman abin sadaka, shi ne gobe kowa zai zuba wa ido. Na jawo kujera na zauna, na gaya masa abin da ubansa ya ce, ban ƙara ba ban rage ba.

“Ni bai gaya mini ba, Gwaggo.”

“Ta ina zai fara? Kai da kake yi masa sabuwar jinka duk shekara kamar amarya.”

“Da ƙafata na taka ƙasar nan. Ina ƙarami ya riƙe hannuna ina tattakawa. Gona ta tafi, gida ya tsuke, yanzu shi ma ya tafi. Abin da ya rage mana babba ɗaya ke nan. Ko makoki ba a tashi ba a ce mun rushe? Me mutane za su ce?”

Na ji tausayinsa, amma tausayi ba ya hana ni magana.

“Mutanen wucewa za su yi. 'Ya'yan ƙanenka ne za a raba gobe.”

Na ce, “Ban ce ba babba ba ne. Ga wa? Ɓeraye ne suke kwana ciki, matar ɗan'uwanka tana kwana a rumfa.”

Ya shafa fuska da hannu biyu. “Auta fa? Da ƙanwata? Ai ba nawa ne ni kaɗai ba.”

“Na tambaye su. Sun ce duk abin da ka ce, shi ke nan.”

“To ni hannuna ba zai taɓa shi ba, Gwaggo. Ki gafarce ni.”

“Ban ce hannunka ba.”

Na tashi, gwiwoyina suna ƙara. Na gaji da makoki, na gaji da zafi, na gaji da zama ni ce kullum mai faɗin abin da ba a so. Da Yaya muke raba wannan aikin, yanzu ya bar mini shi duka. Allah ya yafe masa kaifin bakinsa, ya saka masa da dammunan da ya ɗaure ta hagu, ya yalwata masa kabari fiye da yadda shi zai zana wa kansa.

Washegari da na idar da sallar asuba, mata sun fara hura wutar waina, na ja ruwa na cika tulu, na ɗauki taɓarya. Na kwarara ruwan a jikin rumbun, na jira ya tsuma, na ce bismillahi na ɗaga na buga. Ginin Yaya ne, ko gezau. Na sake. A na uku ɗan gutsure ya faɗo, bai fi tafin hannu ba. Matan suka tsaya da ludayi a hannu. Inna ta ɗaga labule ta duba, ta sake shi, ba ta ce a bari ba.

Ina shirin sake ɗagawa na ji an riƙe taɓaryar ta baya. Ɗansa na fari ne, ya dawo daga masallaci.

“Gwaggo, so kike ya danne ki mu haɗa makoki biyu? Ba daga ƙasa ake fara shi ba.”

“To daga ina? Ni ba magina ba ce.”

Ya tsaya yana kallon wurin da na fasa. Ya daɗe. Sannan ya tuɓe riga ya ba autan, ya ce ya kawo tsani. Ya hau, ya kwance jinka, suka sauke ta. Ya shiga ya riƙa miƙo ragowar dammunan, ba a daɗe ba suka ƙare. Da ya fito ya zauna a wuyan rumbun, na ga kafaɗunsa suna rawa. Na kawar da kai, na ce wa matan su koma kan wainarsu, ba kallo aka kira su ba.

Na ce wa autan in baƙon Ɗambatta ya iso a shimfiɗa masa, a kai masa waina, a ce Gwaggo tana son ya shigo ya ga wani abu kafin ya yi magana.

Sannan na kira matar ɗansa na tsakiya. Na ce ta ɗauko tabarmarta da ta yaran, ta shimfiɗa a tsakar gida yadda suke kwana, ta ajiye akwatinta a gefe, da randar ruwa. Ta yi yadda na ce. Na kwance igiyar guga na auna tsawo na ƙulla, na auna faɗi na ƙulla. Na dubi ƙullin, na dubi yaran. Na kwance, na ƙara kamu ɗaya a kowane gefe, na sake ƙullawa.

Da Yaya ne ba zai ƙara ba. Ni na ƙara, domin ni na yi goyo, na san yara ba sa tsayawa inda aka auna su. Na naɗe igiyar na miƙa wa ɗansa a kan tsani.